Hanci bai san daɗin gishiri ba, amma ya san ɗaci: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malaman likitanci na Jami'ar André Salifou

Zuwa ga Shugaban Tsangayar Kimiyyar Lafiya da dukan malamanta, Jami'ar André Salifou, Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ina gaida ɗalibanku, da fatan iyali suna lafiya.

Ni tsohon majo ne, wato ma'aikacin jinya. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina zagaya gidajen likita na karkara, daga ƙasar Magarya har Tanut, kafin in ajiye aiki in dawo gidanmu a Birni. Har yau in yaro ya rikice da dare a unguwa, ƙofata ake fara bugawa. Irin wannan bugun ƙofa ne ya sa ni rubuto muku.

A hunturun da ya wuce, wata maƙwabciyarmu ta zo mini bayan lisha da ɗanta ɗan shekara biyu a kafaɗa. Hancinsa ya kumbura, yana ta sarƙewa, kukan ma ba ya fita sosai. Da na matsa mata da tambaya sai ta ciro waya ta kunna mini wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Wani mutum ne, muryarsa a natse kamar ta malami, yana cewa Turawa da kansu sun gano akwai abin da ke jin ɗaci a cikin hanci, kuma ɗaci na kashe duk cutar da ta biyo ta nan. Saboda haka, in ji shi, a dafa ganyen dogon yaro ya yi kauri, a riƙa ɗiga wa yara safe da yamma, su da mura sai labari, su da sanƙarau sai labari, ba sai an kai su allura ba. Baiwar Allah nan son ɗanta ne ya sa ta bi maganar. Na wanke masa hancin da ruwan gishiri, na sa aka kai shi asibiti da asuba, Allah ya taƙaita, ya warke.

Da fushin mai muryar nan na kwana. Da safe na kira ɗiyar ƙanena mai karatun likita, na ce ta binciko mini inda wannan zance ya samo tushe. Bayan kwana uku ta zo da takardu, muka zauna a zaure, tana fassara mini na Ingilishi, ina karanta na Faransanci. Ashe rabin maganar mutumin gaskiya ce. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin ƙaryar da aka dama da gaskiya kamar guba ce a cikin fura, da hannunsa mutum ke ɗauka ya sha.

Abin da zan faɗa kun san shi, watakila ma kun koyar da shi a aji. Amma wasiƙar a buɗe take, maƙwabciyata da ire-irenta za su ji an karanta musu, don haka ku yi mini haƙuri in warware shi da Hausa.

A shekarar 1931, wani masanin haɗa sinadarai a Amurka mai suna Arthur Fox yana juye wani gari da ake kira PTC, sai ƙurarsa ta tashi. Abokin aikinsa ya yamutse fuska ya ce ɗaci ya cika masa baki. Fox, wanda ya fi shi kusa da garin, bai ji komai ba. Suka shiga ba mutane suna lasa, sai aka ga jama'a sun rabu: wasu har tofarwa suke yi, wasu kuwa kamar alli suka lasa. Aka lura abin gado ne. Sai a 2003 aka gano ƙwayar gadon da ke riƙe da wannan bambanci, aka sa mata suna TAS2R38, maɗanɗanin da jiki ke ƙerawa da umarninta kuma, wato abin da ke kama ɗanɗanon, T2R38. Ɗan Adam na da maɗanɗanan ɗaci wajen iri 25, alhali na zaƙi ɗaya ne tak, domin abu mai guba a daji yawanci ɗaci gare shi, gubar kuma iri-iri ce. Iyayenmu mata da suka riƙa jiƙa hanza kwana da kwanaki a shekarun yunwa, suna zubar da ruwan suna sake wani har ɗacin ya fita, gargaɗin harshe suke bi, kuma ya tsirar da su. Kowane maɗanɗani kamar kwaɗo ne da makullan da ke buɗe shi. Ba kowane ɗaci ke buɗe kowane kwaɗo ba, kuma a nan ne mai saƙon murya ya fara ɓata hanya.

Babban mutum na shaƙar iska sama da lita 10,000 tsakanin yini da dare. Mu a Damagaram mun san abin da ke cikin wannan iska. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wurin da masana suka ce babu kamarsa a duniya wajen tayar da ƙura, ta zo ta rufe mana rana da tsakiyar yini. Ga hayaƙin itace a madafi, ga na kabu-kabu a kan titi, ga tarin wanda ke gefenka a sahu. Duk da haka yawancinmu muna kwana lafiya mu tashi lafiya. Abin da ke tsare mu tun kafin a kai ga allura ko ƙwaya, wata shimfiɗa ce ta majina da ta lulluɓe cikin hanci da kogunan ƙashin fuska har zuwa bututun huhu. Ƙura da ƙwayoyin cuta na maƙalewa a kanta kamar ƙuda a kan danƙo. A ƙarƙashinta akwai wasu ƴan siraran gasu, ba gashin hanci da mutum ke gani a madubi ba, waɗannan sai da madubin likita. Kowace ƙwayar halitta na ɗauke da kamar 200, suna kaɗawa fiye da sau goma a sakan ɗaya, duk fuska guda. Yadda ƴan gayya ke yi a wurin yaɓe, wannan ya miƙa wa wancan, haka suke tura majinar da dattinta zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu sani ba, tsamin ciki ya ƙarasa aikin. Ni tsintsiya nake ce musu in ina yi wa mutanen ƙauye bayani, kuma suna ganewa nan take.

Duk wannan an koya mana shi a makarantar majo. Abin da ba a koya mana ba, don a lokacin ba a gano shi ba, shi ne tsintsiyar nan tana da ɗanɗano. A 2009 masu bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka suka tarar da maɗanɗanan ɗaci zaune a jikin gasun nan na hanyar numfashi, kuma da aka zuba musu abu mai ɗaci sai suka ƙara saurin kaɗawa. Mutum ba ya jin wannan ɗaci a ransa yadda yake jin na harshe. Naman wurin ne ke ji, ya yanke hukunci da kansa ba tare da ya jira ƙwaƙwalwa ba.

To wane ɗaci ne Allah ya ajiye su su jira a cikin hanci, inda ba a cin abinci? Amsar ta fito a 2012 daga Jami'ar Fensilbaniya da ke Filadelfiya, a aikin Robert Lee da Noam Cohen da abokan aikinsu, kuma ita ce ta hana ni barci don mamaki. Ƙwayoyin bakteriya suna magana da junansu. Wadda ake kira Pseudomonas aeruginosa, da wasu danginta, kowace ƙwaya na fitar da wani ɗan sinadari a kewayenta. In suna kaɗan, sinadarin bai taka kara ya karya ba, sai su lafe. In suka yawaita ya yi kauri, sai kowace ta gane rundunarsu ta cika, su fara sakin dafi tare, su gina wa kansu wani yauƙi mai kama da gansakukar da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. In suka shige cikin wannan yauƙi, magani da ƙyar yake iske su. Wannan sinadari na ƙidayar kai, shi ne makullin da ke buɗe T2R38. Wato hanci na sauraren gangar yaƙin abokan gaba. Da ya ji ta, sai kalsiyam ya motsa a cikin ƙwayar halittar, ta fitar da wata iska da ake kira naitirik oksaid. Iskar nan aiki biyu take yi a lokaci guda: tana sa tsintsiya ta ƙara sauri, tana kuma ratsa jikin bakteriyar ta lalata ta. Duk cikin sakanni zuwa mintoci.

Ku gwada wannan da garkuwar da allurar rigakafi ke koya wa jiki. Waccan tana da kaifin tunawa, tana gane maƙiyi ko bayan shekaru, amma a karon farko sai ta ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta shirya. Wannan kuwa da ita aka haife mu, ba ta koyo, ba ta tunawa, amma a bakin ƙofa take kwana. Lokacin da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, bai sallami mayaƙansa ba don yana da masu tsaron ƙofa, bai kuma bar ƙofa a buɗe ba don yana da mayaƙa. Wanda ya ce ɗaci a hanci ya isa, ba sai allura ba, mayaƙan yake cewa a sallama.

Ga inda gado ya shigo. Ƙwayar gadon nan tana da manyan siffofi biyu, ɗaya mai aiki da ake rubutawa PAV, ɗaya marar aiki da ake rubutawa AVI, kuma kowa na karɓar ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya gaji masu aiki biyu, shi ne mai tofar da garin Fox. Wanda ya gaji marasa aiki biyu, shi ne mai cewa alli ne. Mutanen Filadelfiya suka ga naman hancin mai tofarwa ya fi fitar da iskar nan, ya fi kashe Pseudomonas. Da suka duba masu ciwon kogunan fuska mai naci, wanda muke kira sinizit, waɗanda magani ya gaza har sai da aka yi musu aiki, sai suka tarar marasa jin ɗacin sun fi yawa a cikinsu fiye da yadda suke a cikin sauran jama'a. Da na karanta wannan sai fuskoki suka riƙa dawo mini. Akwai waɗanda kowace shekara, da sanyi ya shigo, sai sun dawo mini da ciwon goshi da majina kore mai wari. In ba su ƙwaya, su ji sauƙi, baɗi su dawo. Na sha yi musu faɗa cewa ba sa ƙarasa shan magani. Wasu lalle ba sa ƙarasawa. Amma yanzu na san akwai mai yin duk abin da aka ce, ƙofarsa ce kawai aka halitta da mai gadi ɗaya da ba ya ji. Ina roƙon Allah ya yafe mini wanda na ɗora wa laifin da ba nasa ba.

A 2014 waɗannan masu bincike suka ƙara gano wani abu. A cikin hanci akwai wasu ƙwayoyin halitta ɗai-ɗai, warwatse, masu ɗauke da maɗanɗanin ɗaci da na zaƙi a tare. In suka ji ɗaci sai su tada maƙwabtansu, a saki wasu sinadarai masu huda bakteriya. Zaƙi kuwa linzami ne gare su. Ruwan da ke saman hanyar numfashi yana da ɗan sukari kaɗan, kusan kashi ɗaya cikin goma na wanda ke cikin jini, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa ya riƙe su. In bakteriya suka yawaita suka cinye sukarin, linzami ya saki, a far musu. Mai ciwon sukari kuwa, da mai sinizit mai naci, an tarar sukarin ruwan hancinsu ya haura, ke nan linzamin na iya zama a ɗaure lokacin da ya kamata ya saki. Duk wanda ya zauna a ɗakin duba marasa lafiya a garin nan ya san yadda ciwon sukari ke ƙaruwa, ya kuma san yawan sukarin da ake zubawa a shayin fada.

Akwai kuma aikin Jami'ar Merilan na 2010, inda aka ga naman da ke matse bututun huhu shi ma yana da waɗannan maɗanɗanai. An zaci ɗaci zai sa ya tsuke, sai ga shi saki yake yi. Cikin abubuwan da aka gwada har da kinin da nibakin, wanda muka raba ba adadi kafin zazzaɓin cizon sauro ya daina jin sa. Masu fuka kada su ji wannan su nufi kasuwa. A kan nama da ɓeraye aka yi gwajin, a ɗakin bincike, nibakin kuma in ya wuce ƙima zuciya yake tsayarwa. Har yau wannan ilimi bai zama maganin da ake rubuta wa marar lafiya ba.

Ranku ya daɗe, ga abin da ya kawo ni ƙofarku.

Yawancin marasa lafiyar da aka yi wannan aiki a kansu zuriyar Turai ne, inda kusan kowa ke faɗawa cikin siffofin nan biyu. Amma binciken da Sarah Tishkoff da abokan aikinta suka wallafa a 2012 ya nuna mutanen Afirka sun fi kowa yawan siffofin wannan ƙwayar gado. Akwai waɗanda da wuya a same su a wata nahiya, kuma wasunsu tsaka-tsaki suke wajen jin ɗacin. To ku dubi layin marasa lafiya a Babban Asibitin Damagaram da safiyar Litinin: Bahaushe, Babarbare, Bafillace, Buzu, Batube, Balarabe, duk a benci ɗaya, duk ƙura ɗaya suka shaƙa a hanya. Mai bincike a Filadelfiya sai ya nemi kuɗi da biza da shekaru kafin ya tara abin da ke zaune a bakin ƙofarku kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yoyon namu kuwa sunansa sanƙarau. Ina bakin aiki a 1995 lokacin da ya kwantar da dubun-dubatar ƴan Nijar, ina kuma nan a 1996 da ya kama mutum sama da 250,000 a Afirka ya kashe wajen 25,000. Na ga an shimfiɗa yara a gindin itace ana rataye ruwan ƙari a reshe. Muna cikin zirin ƙasashen sanƙarau da likita Lapeyssonnie ya zana a 1963, wanda a yau ake lissafa ƙasashe 26 a ciki, daga Senegal zuwa Habasha. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta kusa share nau'in A, alhamdu lillahi, amma nau'in C ya taso a 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, 18 suka rasu, kuma gundumar Dungas ta fi jin jiki. Ƙwayar sanƙarau a bayan hanci da maƙogwaro take zama, mutane da yawa na ɗauke da ita lafiyarsu lau, sai ranar da ta samu kafa ta ratsa cikin jini. Kowace tsohuwa a karkara ta san lokacinta: da iska ta bushe ta shigo, da zafin bazara ta yi tsanani, da ruwan farko ya sauka ta kwanta. Wani aikin haɗin gwiwa tsakanin cibiyar CERMES ta Yamai da Jami'ar Libaful ta Ingila, da ya fito a 2017, ya nuna ƙura da tsananin zafi na tafiya tare da yawan kamuwa a Nijar, kuma ɓerayen da aka sa wa ƙura da zafi, ƙwayar nimoniya ta fi yawaita a hancinsu ta fi kutsawa cikin jiki.

Aikin Filadelfiya a kan wata ƙwaya daban aka yi shi, ba ta sanƙarau ba, kuma ba na son a ɗauke ni kamar mai saƙon murya, in haɗa abin da masana ba su haɗa ba. Amma ƙofar ɗaya ce, tsintsiyar ɗaya ce. Me ke samun tsintsiyar nan a hancin ɗan kabu-kabu a watan Afrilu? Nawa take raguwa tsakanin damina da hunturu? Mai tofar da garin Fox da mai cewa alli, wa ya fi dawowa asibiti da sinizit ko ciwon haƙarƙari a ƙasar ƙura? Waɗannan tambayoyin namu ne, kuma farkonsu ba ya bukatar na'urar miliyoyi. Akwai tsohon gwajin sakarin: a ajiye ɗan ƙwayar zaƙin nan a cikin hanci, a duba agogo, a jira mutum ya ce ya ji zaƙi a maƙogwaro. Mai lafiyar hanci yawanci bai kai minti 20 ba. Sakarin, agogo, kujera, littafin rubutu. Takardar PTC da ake ɗorawa a harshe ita ma ba tsada gare ta ba. A auna mutane ɗaya sau uku a shekara, a damina, a hunturu, a bazara: ƴan kabu-kabu, mata masu tuyar ƙosai a Kasuwar Dole da ke yini a kan hayaƙi, almajirai masu kwana a waje, da ma'aikatan ofis don a gwada. Abin da ya shafi karanta ƙwayar gado sai a nemi hannun abokan aiki a Yamai. Ɗalibi ɗaya mai himma zai fitar da kundin kammala karatu daga nan, wanda za a karanta a wajen Nijar don ba a da irinsa.

In kun yarda za ku yi, akwai abin da nake roƙo da babbar murya. A yi wa kowa bayani da harshensa kafin a taɓa shi, wanda ya ce a'a a ƙyale shi. Kuma a kiyaye yadda za a faɗi sakamakon. Na ga abin da kalma ɗaya ta likita ke yi a ƙauye. In aka ji an ce ƙabila kaza hancinta ba shi da ƙarfi, ko wane ba ya jin ɗaci saboda haka mai ciwo ne, to za a kai maganar har wurin neman aure. Rashin jin ɗacin PTC ba cuta ba ne. Miliyoyin mutane a duniya haka suke, suna tsufa lafiya, domin hanci na da sauran masu gadi, jiki kuma na da sauran garkuwa.

Bincike zai ɗauki shekaru, saƙon murya kuwa cikin dare ɗaya yake zagaye gari. Shi ya sa nake so ku fito gidajen rediyo kafin hunturu, da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci, ba da Faransancin taro ba. Idan mai digiri bai yi bayani ba, mai waya zai yi. Ku ce musu gaskiya ne hanci na jin ɗaci, ku faɗa musu wane ɗaci, sa'an nan ku faɗa musu abin da dafaffen ganye mai kauri ke yi wa fatar da ta fi ta cikin leɓe laushi: yana ƙona ta, ya kwantar da gasun da ake son tayarwa, yaro kuma ya shaƙe shi zuwa huhu. Ku yi maganar man shanu da sauran mai da ake ɗura wa jarirai a hanci lokacin sanyi, don mai in ya gangara huhu ba ya fita da sauƙi, yana haddasa nimoniya mai wuyar magani. Ku koya musu abin da ke da amfani kuma yana cikin kowane gida: ruwan da aka tafasa ya huce, gishiri giram 9 a lita 1, a wanke hanci da shi. Musulmi na shaƙa ruwa ya fyace a kowace alwala, ba baƙon abu za ku kawo masa ba, tsabtar ruwan kawai za ku ja masa kunne a kai, musamman a garin da ƙarancin ruwa ke sa mutane ɗiba daga tabki. Kakanninmu da suka ja amawali suka rufe hanci in hazo ya taso, da Buzun da ba ya rabuwa da rawaninsa, sun riga takunkumin asibiti. A ce wa matasa masu tuƙa babur su koma ga wannan. Hayaƙin taba da na shisha na gurgunta tsintsiya, na itace ma haka, kuma mata da goyonsu ne ke shan mafi yawa. Matatar man da aka buɗe a 2011 arewa da garin nan tana fitar da gas na girki, muryarku za ta yi nauyi in kuka nuna wa mahukunta da alƙaluma abin da murhu ke yi wa hancin mace. Fiye da duka, ku nanata maganar allura. Sabuwar nan ta sanƙarau mai kare nau'i biyar, wadda Najeriya ta fara amfani da ita a 2024 Nijar ta biyo baya, in ta zo unguwa a fito da yara.

Masu maganin gargajiya kuwa kada a mai da su abokan gaba. Na zauna da su shekaru, akwai ƴan damfara a cikinsu kamar yadda suke a kowace sana'a, akwai kuma dattawan da suka san maɗaci da shuwaka da dogon yaro sanin da babu shi a littafi. Kinin daga ɓawon itace aka ciro shi a 1820, maganin zazzaɓin da muke sha yau daga dangin tazargade ya fito, har Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. Hanyar da waɗannan suka bi ita ce a tace, a auna, a gwada a ɗakin bincike, a san ƙima, kafin a kai jikin mutum. Ku gayyato dattawan nan su zauna da ɗalibanku na haɗa magunguna, a rubuta abin da suka sani da sunan wanda ya faɗa, a kuma nemi alkawarinsu cewa ba za a ƙara ɗiga wa jariri komai a hanci ba. In maganar ta fito daga bakinsu, uwar da ba za ta saurare ni ba za ta saurara.

Ni dai ƙafata na ɗaukata har yanzu, bakina kuma mutanen unguwa na jin sa. In kun tashi gwajin sakarin, a fara da hancina. Zan raka ɗalibanku wurin mata masu tuya da ƴan kabu-kabun da ke tsayawa a bakin Birni, da yawansu ni na yi musu allura suna goye, ba za su ƙi ni ba. Ɗiyar ƙanena za ta kawo wannan takarda ofishinku da hannunta, ta san inda ake samuna. Awon farko a watan Satumba ya kamata a yi shi, tun iska na da laima, domin in aka bari Nuwamba ta shigo ba abin da za a gwada awon hunturu da shi, sai an jira wata damina.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon majo, unguwar Birni, Damagaram.